Kafin a sayi turare mai zaƙin ƙamshi a wannan bazarar

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon fili a jaridarka mai farin jini domin mu yi wa iyayenmu mata da yayyenmu da ƙannenmu bayani a kan wani kaya da kasuwarsa ta buɗe ƙwarai a 'yan shekarun nan, wato turaren mata mai ƙamshin 'ya'yan itatuwa: mai tuffa, mai mangwaro, mai kankana, mai abarba, da wanda ke tashin ƙamshin alawa. Da hunturu ba a cika jin kuka da shi ba. Amma da zarar Maris ya kama, rana ta buɗe, zafi ya fara haura digiri 40 a Sakkwato da Maiduguri da Yamai, sai ƙorafi ya taso ta fuska biyu. Wannan ta ce turarenta ba ya awa guda ya gudu, waccan ta ce nata hawa mata kai yake har da tashin zuciya. Sau da yawa kuma kwalba iri ɗaya ake wa kukan nan biyu. Duka biyun gaskiya suka faɗa, kuma dalilinsu ɗaya ne.

Kowane turaren fesawa hawa uku ne. Akwai ƙamshin da ke fara dukan hanci, irin su lemun tsami, lemun zaƙi, garehul da ɗanyen tuffa. Waɗannan ba su da nauyi, ko a gari mai sanyi minti 15 zuwa 30 suke yi su bi iska. Sai na tsakiya, furanni kamar yasmin da wardi da nunannun 'ya'yan itatuwa, masu ɗaukar awa biyu zuwa huɗu. Sai na ƙasa, wato miski, sandal, ambar da banila, su ne ke kwana a jikin mayafi. Zafi yana gaggauta tashin dukkansu. Abin da ke ba turaren armashi da sanyi a hanci, wato ɗan tsamin nan na sama, shi ke fara ƙarewa, cikin 'yan mintuna idan jiki ya ɗauki zafi. Zaƙin da ke ƙasa kuma, wanda aka shirya ya riƙa fita kaɗan-kaɗan, sai ya taso gaba ɗaya ba abin da zai tare shi. Duk wadda ta taɓa haɗa zoɓo ta san wannan: in ba tsami, sukari kawai ke magana, kofi ɗaya ya ginshi mutum. Turare ma haka yake ginsar hanci.

Ya kamata a san cewa ƙamshin 'ya'yan itatuwa da ke cikin kwalba, ban da dangin lemo da ake matse ɓawonsu, kusan duk haɗin sinadari ne. Ba a tatsar turare daga kankana ko mangwaro, don ruwa ne ya fi yawa a cikinsu. Wannan ba aibu ba ne, manyan kamfanonin duniya ma haka suke yi. Tun 1919 kamfanin Guerlain na Faransa ya fitar da Mitsouko da sinadarin da ke ba da ƙamshin ɗan itacen nan na ƙasashen sanyi da ake rubuta sunansa peach a jikin kwali. Ƙamshin alawa kuwa, irin na ƙonannen sukari, daga wani sinadari yake mai suna etil maltol, kuma turaren Angel na Thierry Mugler da ya fito a 1992 shi ya buɗe masa ƙofa har ya zama yayi. Etil maltol da banila su ne suka fi kowa kumbura a cikin zafi. Saboda haka idan aka ga an rubuta caramel, praline, candy ko vanilla a sahun gaba na bayanin turare, a san cewa na yamma ne ko na ɗaki mai esi. Turaren da ake kira Yara, na kamfanin Lattafa, mai kwalbar nan ruwan hoda da 'yan mata ke so, yana cikin wannan dangi. Turare ne mai daɗi, amma fesa ɗaya ya wadatar da tsakar rana a Afrilu.

Waɗanda suka fi jure rana su ne masu zaƙi da tsami tare, ko masu ɗanyen ƙamshi irin na ganye. Light Blue na Dolce & Gabbana, wanda ya fito a 2001, lemun tsami ne da koren tuffa a kan itace mara nauyi. Be Delicious na DKNY, na 2004, tuffa ne da kokwamba da garehul. Un Jardin sur le Nil na Hermès, na 2005, an gina shi a kan ƙamshin ɗanyen mangwaro da mai haɗa shi, Jean-Claude Ellena, ya shaƙa a bakin kogin Nilu wajen Aswan a Masar, ƙasar da zafinta bai gaza namu ba. Ba muna cewa a je a sayi waɗannan ba ne, kuɗinsu ba na kowa ba ne. Mun kawo su ne don a gane fasalin da ake nema, domin kamfanonin Dubai da masu haɗin gida duk suna da masu irin wannan fasali a farashi mai sauƙi. Abin dubawa shi ne ɗan itacen ya kasance mai ruwa-ruwa ko ɗanye, ƙasan kuma farin miski ne ko itace mara nauyi.

Akwai wani tarko da ko masu sayarwa ba kowa ya san shi ba. Garehul, gwaiba, da waɗanda ake rubutawa blackcurrant ko cassis ko passion fruit, ƙamshinsu na asali yana ɗauke da ɗan sinadarin farar wuta. A takarda suna da daɗi matuƙa. A jikin wasu matan kuwa, idan zufa ta keto, sai su juye su yi kama da tsamin hammata. Wannan ba ƙazanta ba ce, kuma ba lalacewar turare ba ce, haɗuwar sinadari ce da fatar mutum. Maganinsa kawai a gwada a jiki kafin a saya.

Gwajin kuwa ga yadda ake yinsa. Kada a yanke hukunci a cikin shago mai esi, domin a can turare yana nuna halinsa na hunturu ne. A fara fesawa a 'yar takardar gwaji, a jira kamar sakan 30 alkohol ɗin ya tashi kafin a kai hanci, in ba haka ba zafinsa kawai za a shaƙa. Kada a wuce kala uku a zuwa ɗaya, hanci yana gajiya ya daina bambancewa. In ya gaji, a shaƙi hannun rigar da ba turare a jikinta ko a fita a sha iska. Wanda ya kwanta a rai, a fesa sau ɗaya a cikin wuyan hannu, a bar shi ya bushe da kansa ba tare da an goga hannu da hannu ba, sannan a fita a ci gaba da harkoki. A shinshina bayan rabin awa, a sake bayan awa biyu, a sake bayan awa huɗu. Abin da aka ji a awa ta biyu shi ne ainihin abin da za a saya, don shi za a yini da shi. Wadda ke da hali ta fara sayen ɗan tsiyaye na mililita 5 ko 10 ta yi mako guda da shi kafin ta ɗauki babbar kwalba. Mai saurin ƙaiƙayi ko borin jini ta shafa kaɗan a lanƙwasar gwiwar hannu ta ciki, ta jira kwana biyu ta ga ko wurin zai yi ja ko ƙuraje.

Sai maganar ƙarfi. Rubutun Faransancin da ke jikin kwalba yana da ma'ana. Parfum ko Extrait shi ne mafi kauri, man turaren da ke ciki yakan kai kashi 20 zuwa 30 cikin ɗari. Eau de Parfum kashi 15 zuwa 20. Eau de Toilette kashi 5 zuwa 15. Eau de Cologne da ruwan fesa jiki da 'yan mata ke kira mist ba sa wuce kashi 2 zuwa 5. Mutanenmu sun saba da neman mai kauri, don ana ganin shi ne kuɗi ya biya. A ganinmu, ga turare mai zaƙi da rana, Eau de Toilette ko mist ya fi dacewa nesa ba kusa ba. Gara a fesa mara nauyi da safe a sabunta shi bayan alwalar Azahar, da a yi wanka da mai kauri tun ƙarfe bakwai ana fatan ya kai Magariba. Zai kai ɗin, amma abin da zai rage zaƙi ne tsagwaronsa haɗe da zufar yini.

Fesa ɗaya yana fitar da kusan kashi ɗaya cikin goma na mililita, wato kwalbar mililita 50 tana da fesa wajen 500. Da rana a bazara, fesa biyu na Eau de Toilette sun isa, uku shi ne iyaka, Eau de Parfum kuwa ɗaya ko biyu. Abin da ke sa a zarce shi ne hanci yana sabawa da ƙamshin da ke jikin mai shi cikin 'yan mintuna, sai ta ɗauka ya gudu ta ƙara, alhali wadda ke zaune kusa da ita a adaidaita sahu tana fama. Kafin a ƙara, a tambayi wata a gida ko har yanzu tana ji. Kuma a tuna da masu asma, masu ciwon ɓarin kai, masu sabon ciki da jarirai. Mai shayarwa kada ta fesa a ƙirji ko wuya inda fuskar jariri ke kwanciya, mai zuwa dubiya asibiti kuma ta haƙura da shi gaba ɗaya.

Nan ne ma maganar addini ta shigo, kuma ba za mu tsallake ta ba. Imamu Muslim ya ruwaito daga Zainab matar Abdullahi ɗan Mas'ud cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana mace taɓa turare idan za ta masallaci, kuma Abu Dawud da Tirmizi da Nasa'i sun ruwaito gargaɗi mai tsanani daga Abu Musal Ash'ari a kan macen da ta sa turare ta wuce ta gaban maza don su ji ƙamshinta. Fayyace hukuncin aikin malamai ne. Namu dai shi ne mu ce yawancin amfanin wannan turare a gida yake, da cikin 'yan uwa mata wajen biki ko suna, kuma mara nauyi wanda ba ya tashi ya bar jiki ya fi sauƙin sarrafawa. Malamai sun yi saɓani a kan turare mai alkohol. Wadda ta zaɓi ta guje shi tana da na mai, kuma mutanenmu sun daɗe da sanin wannan hanya, Bintu Sudan da aka fara yi tun 1920 ba shi da alkohol.

Wurin fesawa yana da muhimmanci fiye da yadda ake zato. Turare ba ya maganin warin jiki. Zufar hammata ba ta da wari da kanta, ƙwayoyin cutar da ke zaune a fata ne ke cin ta su fitar da wari, kuma idan zaƙi ya hau kan wannan warin sai su haifi abin da ya fi kowannensu muni. Don haka wanka da sabulu mara ƙarfin ƙamshi, a tsane jiki sosai, a sa abin hana warin hammata mara ƙamshi ko alimun, sannan a zo ga turare. Busasshiyar fata ba ta riƙe ƙamshi, saboda haka a ɗan shafa mai mara ƙamshi, ko ɗigon basilin kamar ƙwayar gero, a daidai inda za a fesa. Ɗanyen man kaɗanya yana da nasa ƙamshin mai hayaƙi-hayaƙi wanda ba ya jituwa da tuffa ko kankana, sai dai tataccen. A riƙe kwalbar nesa da jiki kamar santimita 15 zuwa 20, wato kusan tsawon taƙi guda. A zaɓi inda tufafi ke rufewa kuma zufa ba ta taruwa: cikin gwiwar hannu, gefen kafaɗa, bayan gwiwar ƙafa. Ƙarƙashin nono, hammata da matsematsi ba wurin turaren fesawa ba ne. Wuya a ƙarƙashin hijabi mai kauri ma ba mu ba da shawararsa, domin wurin kamar tukunya ce a rufe, ƙamshin yana dahuwa ya taso kai tsaye zuwa hancin mai shi, nan ciwon kai ke farawa.

Za mu daɗe kaɗan a kan rana da fata, don a nan ne ake samun illar da ba ta gogewa da sabulu. Akwai wani ɗan lemo da ake nomawa a Kalabriya, kudancin Italiya, sunansa bagamot, yana cikin turaruka masu yawan gaske. Man da aka matse daga ɓawonsa, haka ma na lemun tsami, yana ɗauke da wani sinadari da idan ya zauna a fata rana ta buge shi sai wurin ya ƙone, ya yi ja, wani lokaci har da bororo, daga baya ya bar baƙin tabo mai siffar yadda turaren ya gangaro. A baƙar fata tabon nan yakan ɗauki watanni kafin ya dushe. Saboda haka ne ƙungiyar masu sana'ar turare ta duniya, IFRA, ta ƙayyade cewa man bagamot da ba a tace ba kada ya wuce kashi 0.4 cikin ɗari na abin da za a bari a fata, na lemun tsamin da aka matse kuma kashi 0.7. Manyan kamfanoni suna amfani da wanda aka cire wa wannan sinadari, don haka haɗarin ya fi yawa a haɗin gida da turaren da ba a san asalinsa ba. Dokar mai sauƙi ce: bayan hannu, gefen wuya da fuska, duk inda rana ke gani, kada turare mai lemo ya taɓa shi in za a fita. Masu goga lemun tsami a hammata su wanke hannu da sabulu kafin su shiga rana, illar iri ɗaya ce. Mai shafa man bilicin kuma fatarta ta riga ta yi laushi fiye da ƙima, turare a kanta raɗaɗi ne da tabo, gara ta tsaya a tufafi.

Tufafin ma da nasu sharaɗin. Auduga da atamfa suna riƙe ƙamshi fiye da fata kuma ba sa juya shi, don haka fesa ɗaya a cikin ƙasan mayafi ko cikin riga dabara ce mai kyau. Amma banila tana rinewa zuwa ruwan ƙasa idan ta sha iska da haske, shi ya sa farin hijabi ke yin tabo a daidai wuya. Turaren mai yana barin shaida a siliki da shadda da leshi. A gwada a bakin ɗinki ta ciki tukuna. Sarƙa da ɗan kunne a sa su bayan turaren ya bushe, domin alkohol yana dusar da lu'ulu'u da ruwan gwal na kayan kwalliya masu araha.

Ga wani gargaɗi da muke roƙon a isar da shi ga kowace amarya. Turaren fesawa yawancinsa alkohol ne, kuma alkohol yana kama wuta a take. Kada a fesa sannan a tsaya kan kaskon turaren wuta, kada a fesa kusa da garwashi ko risho ko gas. In za a yi duka biyun, a fara turara jiki da kaya, a kawar da kaskon, sannan a fesa. Ko ta fuskar ƙamshi ma, humra da turaren wuta mai sandal da farce da ud sun fi ƙarfin ɗan tuffa da kankana, za su danne shi ko su haɗu su yi nauyi. Kowanne da lokacinsa, humra ta dare ce da sanyin damina. Wadda ke son shimfiɗa a ƙarƙashin turaren rana ta ɗan shafa farin miski, shi kaɗai ya isa ya ƙara masa awa ɗaya ko biyu. Mai zuwa gona ko lambu inda ake kiwon zuma ta bar mai ƙamshin ayaba a gida, don sinadarin da ke ba da ƙamshin ayaba yana cikin abin da ƙudan zuma ke fitarwa idan suna kiran 'yan uwansu zuwa harbi.

Yanzu ga masu haɗawa da kansu, don mun san mata da yawa sun shiga wannan sana'a daga gida. A nemi sirinji mai awo, a daina ƙirga ɗigo, domin ɗigon mai kauri da na mai ruwa ba ɗaya ba ne. Don kwalbar mililita 50 mai ƙarfin kashi 10 cikin ɗari, ana buƙatar mililita 5 na man turare da mililita 45 na itanol, wato alkohol ɗin masu haɗa turare, mai ƙarfin kashi 95 ko 96. Mililita biyar ɗin nan a raba su haka: 2 na lemo da koren tuffa, 1.5 na mangwaro ko abarba haɗe da yasmin, 1.25 na farin miski, 0.25 na banila. Banilar ta yi kama da kaɗan a ido, amma bayan mako biyu za ta fito, kuma in ta yi yawa ba a iya cire ta. In man bagamot ɗin na asali ne da ba a tace ba, kada ya wuce mililita 0.2 a wannan kwalbar. A fara haɗa mayukan a kwalbar gilashi mai tsabta kuma busasshiya, a zuba itanol, a rufe, a girgiza, a rubuta kwanan wata da awon a jiki, a ajiye a wuri mai duhu mako biyu zuwa huɗu. Wanda aka fesa a ranar da aka haɗa, zafin alkohol ne zai fi fita, shi ne abin da ke sa mai saye ta ce an cika masa sipirit.

Don mist na mililita 100, a sa mililita 3 na man turare cikin 77 na itanol, a bar shi ya kwana biyu, sannan a zuba mililita 20 na tataccen ruwa irin na kemis a hankali ana girgizawa. In ya yi fari kamar ruwan shinkafa, ruwa ya yi yawa, a ƙara itanol kaɗan-kaɗan har ya washe. Ruwan famfo ko na leda ba ya yi, yana sa gurɓata da laka a ƙasan kwalba. Don na mai mai murzawa na mililita 10, mililita 1.5 na man turare da 8.5 na man jojoba ko tataccen man kwakwa mara ƙamshi wanda ba ya daskarewa. Man gyaɗa da man zaitun na girki suna yin gafi cikin 'yan watanni a zafinmu su ɓata komai.

Abubuwa biyu ne suka fi lalata haɗin gida. Na farko, man turaren kasuwa sau da yawa an riga an sirka shi, don haka awon kashi 10 sai ya fito salam. A tambayi mai sayarwa ko zalla ne, kuma a gwada ɗigo ɗaya cikin ɗigo goma na itanol a ƙaramin gilashi. In ya narke ya yi garau, za a iya aiki da shi. In ya rabu ya yi ido-ido kamar mai a kan miya, an sirka shi da man da ba ya shiga alkohol, sai dai a yi na murzawa da shi. Na biyu kuma, wanda ya fi haɗari, shi ne amfani da sipirit na wanke ciwo ko wanda ake saye a jarka ba takarda. Irin wannan yana iya ƙunsar metanol, guba ce da ke shiga ta fata da numfashi, tana taɓa jijiyar gani. Araharsa ba ta kai darajar idon mutum ba. A sayi itanol a wurin masu sayar da sinadaran kayan kwalliya, a nemi ganin rubutun da ke jikin mazubin.

Haka nan wajen sayen na kwali. A duba lambar rajistar NAFDAC, a duba lambar rukuni da ke ƙasan kwalba ta dace da ta ƙasan kwali, a duba jerin abubuwan da ke ciki. Farashin da ya faɗi ƙasa da rabin wanda aka sani alama ce da ba a raina ta. Akwai kuma ɗan hoton gwangwani mai buɗaɗɗen murfi da aka rubuta 24M ko 36M a jikinsa, ma'anarsa watannin da kayan zai yi da kyau bayan an buɗe shi.

Wannan lissafin watanni an yi shi ne da ajiya mai kyau, kuma turare mai lemo da 'ya'yan itatuwa shi ya fi kowane saurin lalacewa. Zafi da haske da iska su ne abokan gabansa. Sinadaran nan biyu da ake gani a jerin kwali, Limonene da Linalool, idan iska ta daɗe tana shigarsu suna juyewa su zama masu sa ƙaiƙayi, shi ya sa turaren da mace ta shekara tana sawa lafiya kwatsam ya fara yi mata ƙuraje. Mota da aka ajiye a rana cikinta yana wuce digiri 60, kwana kaɗan sun isa su kashe kwalba. Gaban madubi kusa da taga, saman firji, banɗaki, duk ba wurin ajiya ba ne, duk da mun san jera kwalabe a gaban madubi ado ne a ɗakin mace. A bar waɗanda suka ƙare su yi adon, mai turare a ciki a mayar da shi kwalinsa a sa a ƙasan durowa, a ɗakin da rana ba ta dukan bangonsa da yamma. Firji zai yi ne kawai inda wuta ba ta yankewa, don sanyi da zafi suna musanya sau uku a yini ya fi zafi mai ɗorewa illa. Na cikin jaka a tsiyaya mililita 5 a ƙaramar kwalba, a bar uwar a gida. Kuma wadda ba ta da yawan fita ta sayi mililita 30 maimakon 100, don idan kwalba ta yi rabi iskar da ke samanta tana ƙara saurin lalata abin da ya rage.

Alamar wanda ya lalace ba ta ɓuya: launinsa ya yi duhu sosai, fesawar farko tana tashin tsami kamar ruwan kal ko warin fenti, lemon ya ɓace sai zaƙi mai ɗaci-ɗaci. Duhun launi kaɗai a turare mai banila ba lalacewa ba ne, a bi hanci. Idan kwalba ta daɗe a ajiye, a fesar da biyu ko uku a iska tukuna, don abin da ya kwana a cikin bututun shi ke fara juyewa, na cikin kwalbar yana iya kasancewa lafiya lau. In bayan haka tsamin bai tafi ba, kada ya sake taɓa fata.

Mun gode da wannan fili, Allah ya ƙara wa jarida ɗaukaka. Wassalam.

Naku,
Wasu masu sana'ar haɗa turare da sayar da shi,
Kano.